Wayar da ke Saki Cikin Sanyi

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya hutu bayan ajiye aiki?

Ɗakin gwajinmu ya yi tsit. Kowa ya koma sabon gini, an bar ni da injin sanyaya, shi ne abokin hirata.

Malam, akwai magana, kuma ta yi mini nauyi. Ma'adanin nan mai falle-falle, wanda maganaɗisun kowane falle ke juya wa na maƙwabcinsa baya, na sanyaya shi sau huɗu na bi da wutar lantarki ta cikinsa. Tsallen wutar da ka gano shekara goma sha biyu da suka wuce, wanda ya fito da sunanka, bai bayyana ba. Da na duba tsohon samfurinka a madubin ƙara girman abu, sai na ga ɗaya daga cikin wayoyin zinaren da ke kai masa wuta ta tsage. Sanyi na kama ta take saki. Ina jin tsallen daga nan yake.

Ka huta lafiya.
Ɗalibarka.

'Yata,

Na ga saƙonki, lafiya lau nake. Ki sake gwadawa. Tun kina aji hannunki ke rawa wajen liƙa waya, kin manta? Shekara uku na yi a kan aikin nan, ba gwaji huɗu ba.

Allah ya yi miki albarka.
Malaminki.

Zuwa ga Malam,

Barka da war haka. Na sake, da sabon samfur da sababbin wayoyi, har sau tara. Layin awon wutar ya miƙe sumul, ko gezau.

Ban faɗa wa kowa ba. Jiya shugaban sashe ya leƙo, "Malama, ina aka kwana?" Na ce injin ne ke ba ni wahala. Da ya fita na zauna na kasa ko shan shayina. Kai ka koya mini riƙe hantsaki, Malam. In ka ce in jefa takardun sakamakon a durowa, zan jefa, in kulle.

Ina jiran amsarka.
Ɗalibarka.

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Ki yafe mini shirun wata biyu. Na rubuta miki sau uku ina yagawa.

Hannunki ba ya rawa, ƙarya na yi miki. Tun a wancan lokacin ma, sau ɗaya na canza waya, tsallen ya ɓace. Na mayar da tsohuwar, na ce wa kaina kuskure ne. Ko marigayiya matata ban faɗa wa ba.

Kada ki kulle komai. Ki rubuta gaskiya, ki sa sunanki a gaba, nawa a baya, don a san na yarda.

Idan kin gama, kada ki daina aiko wasiƙa, ko babu sakamako. Tun da na bar ofis, babu wanda ya tambaye ni wani abu sai ke.

Allah ya dafa miki.
Malaminki.