Na Kwaso Lambun Baba

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ciwon gwiwar nan taka? Mu nan da godiya, sai gajiya.

Na ga saƙonka, wai a sa wa ƙofa kwaɗo Baba ya daina fita, ko a kai maka shi can benenku. Yaya, ba da umarni daga nesa ba shi da wuya. Na san mantuwar tasa ta yi yawa. Ni ce na yi ta bulayi ranar Talata, har na same shi a hannun wani mai shago, ya baro feginsa na lambun ƙungiya ya kasa gane hanyar gida, ga manyan motoci suna ta wucewa. Amma mutumin da tun muna yara kullum safiya sai ya je fegin nan, in aka kulle shi a bene wallahi ba zai daɗe ba.

Tunda lambun ke fitar da shi, lambun zan kawo gida. Na kwashe tarkacen da ke bayan kicin, na zuba taki. Ka ba ni wata guda. In bai daina fita ba, zo ka ɗauke shi, ba zan ce uffan ba.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata zazzaɓin ƙaramar taku ya sauka. Ni kam bayana kamar ba nawa ba.

Ranar da maigidana ya kai Baba asibiti na haƙe shukokin. Kowanne na cire shi da ƙasar jikinsa, na rage masa ganye, na naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, na yi ta jigila da baro har hannuna ya yi kanta. Na'a-na'a, shuwaka, 'ya'yan ayaba, da ɗan rumman ɗin nan da ya kusa kashe ni. Na jera su gwanin sha'awa a gindin katanga, ina ta yabon kaina.

Kashegari ina wanka ya sulale. Na iske shi a fegin, zaune a ƙasa tsakanin ramuka, yana kuka wai ɓarayi sun gama da shi. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, kuma ni na jawo. Na kawo shi gida na nuna masa, ya dubi shuwakar da na aske ya ce waɗannan sandunan ba nasa ba ne.

Da ya sake fita sai na bi shi a baya. Yana tura ƙofar kwanon nan ta fegin sai ya taɓa duron ruwa a hagu, ya sunkuya inda na'a-na'a take a da, ya yi gaba ya kauce wa ayabar da babu ita, ya zauna a benci. Ashe ƙafarsa ce ta haddace lambun, ni kuwa na je na yi masa layi kamar 'yan makaranta. Dole in sake tone su duka. Ina tsoron rumman ɗin ba zai jure tashi na biyu ba. Kada ka kira ka ce ai ka faɗa, ba ni da ƙarfin ji.

Taka,
Auta

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya. Jikin Baba da sauƙi, yana cin abinci.

Na sake dasa su kowanne a gurbinsa, yadda suke a fegin. Ayabar ta mutu. Rumman ya zubar da ganye kaf, amma ya fara toho. Na'a-na'a kuwa ba ta ma san an yi ba. Na kwaso duron da bencin, har ƙofar kwanon ma shugaban ƙungiya ya bar mini, maigidana ya fasa katangar baya ya kafa ta.

Yanzu kullum da safe sai in fitar da shi ta ƙofar gida, mu zaga ta lungu, ya tura ƙofar kwanonsa ya shiga. Nan yake wuni. Da yamma ya wanke fartanya ya ce a tafi gida. Ga ƙofar kicin nan a gabansa, amma ina, sai mun sake zagawa. Maƙwabta har sun saba. Tun da aka fara bai ƙara nufar titi ba, don haka ka riƙe kwaɗonka.

Jiya da za mu fito ya tsinko na'a-na'a ya ɗaure da kyau, ya yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ya ce ni 'yar kirki ce. Sai ya roƙe ni in kai wa 'yarsa Auta, wai ita ba ta taɓa zuwa ta ga lambunsa ba. Na karɓa, na ce zan kai mata.

Na gaji, Yaya. Ka zo ko na kwana biyu ne, ka yi zagayen nan da shi.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta