Wane Ne Ottmar Kafin Ya Zama Wesselkamp?

Inna Gudrun, ki taimake ni, kaina ya kulle. Saura mako uku a ɗaura aurena da Henning, kuma na riga na ce zan ɗauki sunan gidansu, Wesselkamp. Duk wanda ya je gonarsu kusa da garin Warendorf, sai kakansa Bernd ya ja shi ya nuna masa katakon saman ƙofar gidan, inda aka sassaƙa sunan tun shekara ɗari uku da suka wuce. Ni har na haddace labarin.

To ranar Lahadi da muka je gidan gonar aka aike ni ɗakin sama in ɗauko zanen tebur, sai ga wani akwati. E, na buɗe, kar ki yi mini faɗa. Takardar haihuwar mahaifin Bernd ce a ciki. Ashe sunansa Ottmar Riedel, ba ma ɗan yankin ba ne, kuma sai a 1946 ya zama Wesselkamp. Inna, 1946 fa! Wane irin mutum ne yaƙin duniya na biyu na ƙarewa zai yar da sunan ubansa? Kakata ta rasa ƙannenta biyu a hannun irin waɗanda suka ɓoye kansu bayan yaƙin. Na ɗan taɓa wa Henning zancen ba tare da na ambaci akwatin ba, ya yi dariya ya ce na cika bin diddigi. Ita ma dariyar ban yarda da ita ba. Ina son sa, wallahi, amma tsoro nake in liƙa wa 'ya'yana sunan da wani ya yi mayafi da shi.

Amarya mai zargi, Münster

'Yata, da gani a birni kika tashi. A ƙauyukanmu na yankin Westfalen suna yakan bi gona ne. Idan namiji ya auri magajiyar gona, shi ke ajiye sunansa ya ɗauki na gidan. Bayan yaƙi kuwa gonaki da yawa sai mata da tsofaffi, don haka abin da Ottmar ya yi ba baƙo ba ne. Kakan Henning bai yi ƙarya ba, sunan ya daɗe a gidan, ta wajen mace ya iso gare shi.

Amma ba zan ce kin yi wauta ba. Al'adar da ta dace da mai gaskiya, ta dace da mai neman maɓoya.

Ki je cocin garin ki nemi littafin aure na 1946. In sauyin sunan ya zo tare da auren, kin sami rabin amsa. Sauran rabin yana wajen rumbun tarihi na ƙasa, inda ake neman bayanin tsofaffin sojoji, sai dai amsarsu ba za ta iso kafin biki ba. Saboda haka ki gaya wa Henning kin buɗe akwatin, ki ba da haƙuri, sannan ku je wajen tsohon tare ku tambaye shi kai-tsaye. Sunan kuma ki riƙe naki tukuna, doka ta yarda ki sauya daga baya.

In Henning ya ƙi raka ki, to ba Ottmar ne matsalarki ba. Allah ya sa ki ji alheri, ya ba ku zaman lafiya.