Kaftaninka Yana Nan a Rataye, Obi

Zuwa ga aminina Obiora, wanda mutanen Fagge suka fi sani da Obi Dogo.

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta sabo da girmamawa, ina sanar da kai cewa mu nan muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba na tsufa. A al'ada nan ne wurin da zan ce ina fatan kana lafiya kai da iyali. To kai ka riga mu gidan gaskiya tun bara, iyalin kuma su ne dalilin wannan takarda. Na san ba za ka karanta ba. 'Ya'yanka ma da nake so su gani ba sa jin Hausa. Amma magana ta cika min ciki, kuma kai kaɗai na saba juye wa.

Labarin amanar da ka bar min zan ba ka, don har yau ban sauke ta ba.

Ka tuna haɗuwarmu? Ina koyon ɗinki a Fagge, maigidana yana aikena kasuwar Sabon Gari sayen allura da man keke a rumfar mahaifinka. Kai ne kullum a zaune kan buhu da littafi, ƙafafunka har tsakiyar hanya, sai an tsallake. Na ce ko za a kama maka rumfa ta biyu ta ajiye ƙafa. Ka amsa min da Hausar da ta fi tawa kaifi, ka ce gajere dai ba ya rasa baki. Tun daga ranar muka ƙulle.

Da rikici ya ɓarke kuka tafi gabas, aka yi yaƙin basasa, na fid da rai da ganinka. Bayan an gama sai ga ka a ƙofar shagonmu, ka rame har kunnuwanka sun yi maka yawa. Abin da ya shiga tsakanin mutanenmu da naku ba ƙarami ba ne, jini ne, ni da kai mun sani. Ni dai sai na tura maka kwanon tuwona. Ka wanke hannu ka ci, ka ce miyar ba gishiri kamar kullum.

Sai kuɗin mai suka zo. Kai, Obi, mun ga zamani! Ma'aikata sun sami ƙarin albashi, kowa ya sayi babur da rediyo, kowa kuma yana son sabon ɗinki ranar Asabar. Kantin Kwari ba masaka tsinke, atamfar masaƙunmu na nan Kano da Kaduna tana fitowa da ɗuminta. Na buɗe shagon kaina, na ɗinka maka wandon nan mai faɗin ƙafa da ke share titi. Yadin mutum biyu ya ci, har yau ban yafe ba. Ka sa shi muka tafi rawa Sabon Gari, kana tafe ana kaucewa.

A wannan yanayi gwamnati ta ɗauki nauyin karatunka zuwa Amurka, ka koyo aikin injinan masaƙa. Shirinmu a bayyane yake, kai ka tsara shi: "Ni in saƙa, kai ka ɗinka, mu tufatar da ƙasar nan." Na raka ka filin jirgi da kaftanin da na ɗinka maka, ka ce shekara huɗu ce kamar gobe.

Ba ka dawo ba, kuma ban taɓa riƙe ka da wannan ba. Ka sami aiki a wata masaƙa a wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar, ka auri baƙar fatar can, Allah ya ba ku Daniyel da Nkechi. A wasiƙunka kana ba ni labarin garin: masaƙar ita ce uwa ita ce uba, jiniyarta ke tashin kowa, fari da baƙi suna shiga ta ƙofa ɗaya ko da ba sa zama unguwa ɗaya. Ka ce akwai gidajen da ba a taɓa gayyatarka ba, amma a bakin inji ba mai tambayar daga ina ka zo.

Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Shekarun da masaƙunmu suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, yadin China ya cika Kwari, su ne shekarun da aka kwance injinan taku aka loda a jirgin ruwa zuwa inda lada ya fi araha. Kai ka riga ka kusa ritaya. Daniyel ne abin ya faɗa wa, yana tsakiyar ƙarfinsa, da mata da yara, ya koma tuƙin babbar mota. Nkechi kuwa ta yi karatu mai zurfi ta koma babban birni, ta zama lauya mai tsaya wa baƙin da ake so a kora.

Daga nan labarin da kake ba ni a waya ya canza. Daniyel ya bi masu cewa a rufe iyaka, a dawo da masana'antu gida, baƙi sun yi yawa. Nkechi tana titi da kwali a hannu duk ranar da 'yan sanda suka kashe baƙar fata. Shi yana da tashar talabijin da yake kallo, ita tana da tata, kowa kuma ya rantse ta ɗan'uwansa ƙarya take yi. Ranar bikinku na godiya da ake gasa talotalo, bayan rasuwar mahaifiyarsu, suka haɗu a teburinka. Ta ce masa ya dubi ubansa kafin ya zagi baƙo. Ya ce mata wanda bai taɓa rasa aiki ba shi ke da bakin wa'azi. Aka tashi baram-baram, abinci ya huce ba a ci ba. Ka ce min: "Sule, ƙasa biyu gare ni a gida, ni ne kan iyaka, kuma kowa ni yake harbi."

Kai ne ka kawo dabarar anko. Ka ce in shiga Kwari in sayo shadda bandir guda, in yanka wa kowa daga ciki, kai da su da jikoki, don bikin cikarka shekara saba'in da biyar. A ganinka mutum ba zai sa yadi ɗaya da ɗan'uwansa ya tsaya gaban mai hoto yana harararsa ba. Na sayo shuɗiya mai kyau. Da na karanta maka sunan ƙasar da aka saƙa ta, ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce wataƙila injinka ne ma ya saƙa.

Na ɗinka duka da hannuna, ban ba yaran shago ko maɓalli ba. Saura guga aka kira ni aka ce kana asibiti. Maganarka ta ƙarshe gare ni gajeriya ce: "In ban kai ba, kai ne ubansu. Ka haɗa min su." Na ce to, don ba a ce wa mai jinya a'a. Ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Obi, taron makoki biyu aka yi maka. Ɗaya a cocin ƙaramin garinku, ɗaya a birni. Na so in ɓoye maka wannan, amma ban saba yi maka ƙarya ba.

Na yi iya yina. Na nemi biza, na sa babbar riga na je ofishin jakadancin Amurka, wani yaro da na yi jika da shi ya tambaye ni ta bayan gilashi me zai tabbatar masa zan dawo. Na ce keken ɗinkina da kabarin iyayena. Ya miƙo min fasfona ba biza. Na gwada haɗa su a waya lokaci guda, da Turancina na firamare da ka sha yi wa dariya. Daniyel na jin muryar Nkechi ya kashe. Kowannensu yana kirana shi kaɗai, yana ce min Baba Sule kamar yadda ka koya musu, yana da ladabi, yana kuka in an ambace ka. Da zarar na kawo sunan ɗayan sai ya kau da zancen.

Ka san yadda muke sulhu a nan. A shimfiɗa tabarma, babba ya yi magana, a ce harshe da haƙori ma suna saɓawa, a ce wane ba wane haƙuri, a raba goro. Da gado suke faɗa a kai, da na san yadda ake rabawa. Da fili ne, da an kira masu awo. Amma wannan ba abin da zan kama. Shi yana ganin tana tare da waɗanda suka sayar da garinsu, ita tana ganin yana tare da waɗanda za su kori ubanta da yana raye. Abin da ya fi ci min rai, in na saurari Daniyel sai in tuna masaƙan Kano da suka koma acaɓa, in ji tausayinsa. In na saurari Nkechi sai in tuna ka a ƙofar shagonmu da kunnuwa a waje, in ga gaskiyarta. Ba gori nake yi wa Amurka ba, mu ma namu yana nan, kowane zaɓe sai an daina gaisawa a layinmu. Na dai ɗauka can da kuka ci gaba kun wuce wannan.

Sai na yi dabarar tela. Da suka ce in aika wa kowa ɗinkinsa, na sa kayan Daniyel da na yaransa a ƙunshin Nkechi, nata kuma a nasa, na ce tsufa ne ya sa na rikice. Na zauna ina murmushi ni kaɗai, na ce dole ɗaya ya taka zuwa gidan ɗaya, zumunci ai a ƙafa yake. Ashe a ƙasarku ba sai an taka ba. Ita ta kai gidan waya, shi ma ya kai gidan waya, ko gaisuwa ba wanda ya rubuta a jikin kwalin. Kowa ya kira ni daban ya ce ɗinki ya yi kyau, ya gode.

Saura naka. Kaftaninka ban aika ba, yana rataye a ƙusar da ke bayan kekena, dogo har yana taɓa ƙasa. Daniyel ya roƙe ni shi, Nkechi ma ta roƙa. Na taɓa ɗaukar almakashi, wallahi, na ce ko in raba shi biyu kowa ya huta. Hannuna ya ƙi. Shekara hamsin ina yanka yadi, ban taɓa yanka abin da na gama ɗinkawa ba.

Abin da na gaya musu shi ne, kaftan ɗaya ne, mai shi ma ɗaya ne. Duk mai so ya zo Fagge ya karɓa, amma su zo tare, cikin ankonsu, in nuna musu rumfar kakansu a Sabon Gari, in tura musu kwano ɗaya. Azumi ya wuce, babbar salla ta wuce, ba wanda ya ce eh, ba wanda ya ce a'a. Kiran ma ya ragu. Ina tsoron kada in zama na yi amfani da abu na ƙarshe da ke hannuna, in rasa su duka biyun. Wannan tsoron ne ya sa na ɗauki biro.

Idona ya fara gazawa, Dogo. Zare ma sai an zura min a allura. Na juya kaftanin ciki waje don kada rana ta cinye launinsa, duk Juma'a nakan kaɗe shi in mayar. In masu kawo ɗinki sun tambaya na wane ne, sai in ce mai shi ya yi tafiya, 'ya'yansa za su zo karɓa.

Allah da ya halicce ni ya halicce ka, shi ya san abin da ke tsakaninmu, a hannunsa na bar ka. Allah ya sanyaya zuciyar Daniyel, ya sanyaya ta Nkechi, ya sa jikokinka su san fuskokin juna. Allah ya ara min kwana in ga ranar, in kuma bai ara ba, ya kawo wanda ya fi ni iyawa. Amin.

In na iso ban haɗa su ba, ka yi min tsiya yadda ka saba, ka ce gajere ya cika baki. Zan ɗauka. Kada dai ka juya min baya, Obi, don na ga yadda abin yake.

Naka har kullum,
Sule Tela, Fagge.