“Aman” a Hanyar Arlit

Yaya Hadiza,

Ina gaishe ki. Ina gajiya, ina zaman Kwatano? Yaya mai gida da yara? Mu nan Tawa lahiya lau.

Na tahi Arlit duba Baba. A dawowa, kahin Abalak, motarmu ta mutu cikin rairayi. Sai ga mutum biyu bisa moto, fuska a naɗe. Na zaci 'yan hwashi ne, na cire 'yan kunnena na miƙa. Guda ya ture hannuna yana cewa, “Aman, aman.” Tsoro ya mantar da ni aman ruwa ne da Buzanci. Ƙishirwa ta kawo su.

Amma har yau, in na ji moto, gabana faɗuwa yake. Ga Baba ba lahiya, dole in koma ta hanyar nan. Ki sa ni addu'a. Ki gaida Inna Rabi.

Ƙanwarki,
Zali