Zakaran da Ya Juya Baya

Litinin, 3 ga Maris

Katin gaisuwar Ista ɗari biyu mai shago yake so, duka da sa hannun Mama. Hannun da ko cokali ba ya iya riƙewa yanzu. Ni ke yanka adon takarda, ni ke liƙawa da farin ƙwai, ita ta juya bayan kati ta rubuta sunanta, Bronislawa. Shekara uku ke nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya Danuta ta kira daga birnin Gdansk. Akwai aiki a gidan burodin da take, amma in ba ta ji daga gare ni ba zuwa ranar 14, za a ba wata. Na ce to Mama fa? Wai ai ni na ɗaure kaina. Daɗin baki gare ta, daga nesa.

Asabar, 8 ga Maris

Almakashin askin tumakin nan da nake yanka takarda da shi ya ci min yatsu. Na ɗauko ƙarami na zamani, Mama ta harare ni, wai kakarta ma da na tumaki ta yi. Na mayar.

Zakaru, zakaru. A ninka takarda biyu, a yanka, su fito suna kallon juna. Wallahi na gaji da ganinsu.

Talata, 11 ga Maris

Na haɗa akwati, na tura ƙarƙashin gado.

Alhamis, 13 ga Maris

Don haushi yau ban ninka takardar ba. Zakara ɗaya na yanka, ya juya baya, ƙafarsa guda har ta fita gefen kati. Na cusa shi cikin sauran, ina jiran faɗa, in sami dalilin tafiya.

Mama tana duba katunan, ta zo kansa ta tsaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta turo min biro.

"Wannan ba nawa ba ne, Wiesia. Ban taɓa iya irinsa ba. Sa sunanki."

Na so ta yi faɗan. Da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 14 ga Maris

Danuta ta kira sau biyu. Hannuna duk farin ƙwai, shi ya sa ban ɗauka ba. Shi ya sa kawai.

Na yanka wasu huɗu irinsa. Na ukun wutsiyarsa ba ta yi ba, gobe zan sake.