Ƙwayoyin da na ɓoye

Laraba da dare, Sayam

Sai yau na gane ba ni na kashe ɗana ba. Kwana ashirin ina ɗauke da abin nan ni kaɗai. Ƙwayoyin ƙarin jini da asibitin sansaninmu na 'yan gudun hijira suka ba ni ina da ciki, ƙarƙashin tabarma na tura su, don mata a bakin famfo sun ce ɗa suke girmarwa a ciki.

Na faɗa wa ungozoma ina kuka. Ta riƙe hannuna ta ce, "Haba 'yar uwa, cibiya ce ta naɗe masa wuya. Ko buhu kika sha, da hakan za ta faru. Ungo, shanye a gabana."

Na shanye. Na dawo na ci tuwo har da ƙari.

Inna tana garinmu Yebi tana jiran labarin haihuwa. Ban aika mata ba tukuna.