Ƙofar da Jikata Ta Toshe

Malama mai fili, a taimaka wa tsoho da shawara. Yau Asabar, gwiwa ta ɗan lafa, amma tarin yana nan, hannun dama kuma yana rawa, sai a yi haƙuri da rubutun.

Ni tsohon malamin lissafi ne, na zamanin alli da bulala. Tun da mai ɗakina ta rasu, daga ni sai agogon bango. Jikata, wadda nake tsokana da amaryata, ita ta kawo kwamfuta ta ɗora a teburin cin abinci, ta sa mini wata manhaja da suke ginawa a wurin aikinsu. Aikin manhajar duba hujjar lissafi. Ka rubuta mata mataki-mataki, in ka tsallake ɗaya ta ƙi. Ko sufetocin da suka addabe mu a da ba su kai ta ƙeƙasa ƙasa ba.

A jikinta akwai abin da suke kira ƙofa, inda mutum ke rubuta 'yan umarni ya ƙara mata sabon ilimi. Ƙofar biyu ce. Ta farko, ka ba sabon abu suna da ma'ana, ita kuma ta bincika. Ta biyu, ka ce mata abu kaza gaskiya ne, ta haɗiye ba tambaya, kamar saurayi a gaban surukinsa. Wata Asabar, bisa kuskure, na shigar mata ta ƙofa ta biyu cewa sifiri ya fi ɗaya. Nan take ta haukace. Ta tabbatar mini biyu daidai take da bakwai. Da na matsa, ta tabbatar jikata ta girme ni. Na buga waya. Amaryata ta zo, ta yi dariya har da hawaye, ta gyara, ta sha shayi, ta yanke mini farce, ba ta tafi ba sai yamma.

Asabar ta gaba kuskuren ya sake faruwa. Haka ta gaba da ita. Tsufa ne, Malama, yatsa yana zamewa.

To makon jiya sai ga sabon gyara ta aiko daga ofis, ko ƙeyarta ban gani ba. Wai ita da abokan aikinta sun yi zama, sun toshe ƙofa ta biyu, yanzu duk abin da za a ƙara sai ya bi ta farko. Har yaba mata aka yi, wai ta gano rauni. Ni ne raunin! Ta ce yanzu ba abin da zai sake lalacewa, in huta. Na kwana biyu ina gwadawa, don in auna ingancin aikinta kawai, abin ko gezau.

Shin wannan ba raini ba ne? Ko in bari kofin shayi ya zame a kan abin? Jiya na aika mata cewa allon kwamfutar yana ɗan ƙyaftawa. Yau na dafa ruwa, na fito da kofinta. Ga rana ta faɗi, ruwan ya huce, ba ta zo ba.

Tsohon malami

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan yatsa naka da ba ya zamewa sai gab da Asabar, ashe yana duba kalanda. Mutumin da ya yi shekaru yana zane yara a kan sifiri ba zai manta matsayinsa ba.

Ba raini ba ne. Akwai masu dogara da manhajar nan, kuma ƙofar da ke karɓar kowace magana haɗari ce, kai ka fi kowa sani. Amma jikar taka ma ban wanke ta ba. Duk iliminta ta hango ramin manhaja daga ofis, ba ta hango kofi biyu a teburin kakanta ba.

Shayin nan ka sha abinka. In ka zuba, ƙaton mai gyara za ta turo, kuma ba zai yanke maka farce ba.

Ka kira ta gobe, kada ka ambaci allo. Ka faɗa mata abin da ka yi, za ta yi dariya. Ka ce kana kewarta, da wannan kalmar, ba da lissafi ba. Sannan tunda a kanka aka yaba mata, ka nemi ladanka: duk sabon gyara ta kawo shi da ƙafarta ranar Asabar, ka yi ƙoƙarin ɓata shi a gabanta. Tarin kuma a kai shi asibiti, ita za ta raka ka.

Allah ya kawo amarya tun ruwan bai huce ba.